Shekarar da Hannuwana Suka Ƙage

Ni ce mai wankan jarirai a layinmu na Argungu. Ba sana'ata ba ce, koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, amma tun ina da ƙuruciya hannuna ya faɗa da abin, mata kuma suka gane. Da an haihu, kafin a sanar da dangin nesa an aiko mini. Na san yadda ake tallabe ƙeya da hagu a bar dama tana aiki, na san zafin ruwa da gwiwar hannu ba sai na tambayi kowa ba. Jaririn da aka miƙo mini yana tsala ihu, kafin in gama miƙe masa gaɓoɓi ya fara lumshe ido. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba. Wasu daga cikin waɗanda na wanke yau har da gemu, in sun gan ni a hanya sai su sauka daga babur su gaishe ni, ni kuwa in ce su rage ɗaga kai, na san su tun ba wando.

Ni kaina ɗiya ɗaya Allah ya ba ni, mace, ita ce ta fari ita ce auta. Da yake ta fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka gani a Gulma inda aka haife ni: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta ya taso in ce "waccan". Mahaifinta shi ne mai wasa da ita, shi ne mai kiran sunan har da ƙari. Da ya rasu, gidan ya rage daga ni sai ita, muna son juna muna kauce wa idon juna. Bayan shekara biyu aka ɗaura mata aure, aka kai ta Birnin Kebbi, unguwar Badariya. Daga nan sai ni kaɗai da kaji huɗu, sai kuma yayar maigidana da ke bayan katanga, wadda nake kira Yaya.

Ranar da na ji tana da ciki ban ce komai ba sai "Allah ya raba lafiya", amma da na ajiye waya sai da na zagaya tsakar gida sau biyu ban san abin da nake nema ba. Haihuwar fari a gidan uwa ake wankanta. Ɗiya takan dawo gida, uwa ta dafa mata ruwan ganye safe da yamma, ta dama mata kunun kanwa, ta wanke jariri, har a yi kwana arba'in. Waɗannan kwana arba'in su nake jira tun ranar da mota ta fita da ita daga layinmu. A cikinsu ne kawai al'ada ta yarje mini in yi mata hidima ba tare da an ce na yi rashin kunya ba. Na sa aka fara tara mini itace a bayan ɗaki, na sa aka yi wa ɗakinta sabon fenti, na fito da babbar tukunyar ƙarfe na goge ta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, kuma a wuyan yake da gaske. Na daɗe da maƙoƙo. Shekaru ina rufe shi da mayafi, har ya kai in na kwanta sai in ji numfashi yana yi mini wuya. Likita a Birnin Kebbi ya daɗe yana cewa a cire, ni ina ja da baya. Da zancen ciki ya zo sai na ce gara a yi yanzu, in warke kafin aiki ya same ni. Aka yi aikin, aka yi sa'a. Na farka na shafa wuyana na ji shi fayau, duk da ɗinkin da ke ja.

Ranar sallama likitan ya yi mini dogon bayani. Gaskiya rabi na ji, rabin hankalina yana gida wajen kajina. Magani iri uku aka ba ni: wata 'yar ƙwaya ta safe kafin karin kumallo, wani ɗan mitsitsi mai taushi kamar ƙwan kifi, sai wasu manyan farare masu kama da allin da na yi shekaru ina rubutu da shi, ana taunawa sau uku a rana. Ya ce kada in bari, in kuma dawo bayan mako biyu a ɗebi jini. Na ce to. Duk wanda ya koyar da yara ya san irin wannan "to" ɗin.

Kwana goma da komawata gida, ɗiyata ta zo duba ni. Cikin ya fito, tana tafiya tana dafe ƙugu. Muna zaune a tabarma, ni ina kallon gefe, ta ce ƙafarta na yawan ɗaurewa, bayanta kuma ba ya barinta ta zauna da kyau. Ta ce a wajen awo an ba ta wasu ƙwayoyi na ƙashi, sun ƙare, sai awo na gaba. Ta fito da fankon takardar daga jaka. Ni mai karatu ce, na duba na ga sunan da ke jiki: kalsiyam. Shi ne dai sunan da ke jikin farare nawa.

Sai na yi wani tunani wanda a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce ashe maganin masu ciki ne suka haɗa mini, irin na ƙarin ƙarfi da ake cusa wa kowa. Ni tsohuwa, wuya ya warke, ina cin tuwona, me zan yi da shi? A wurinmu magani ba ya zama na mutum ɗaya. In ya yi maka amfani ka miƙa wa maƙwabci, in ya rage ka ajiye wa baƙo. Na tashi na kwaso su gaba ɗaya na tura cikin jakarta.

"Inna, ba naki na ba?" in ji ta.

"Sun yi min yawa. Tahi da su, kada su lalace."

Ban kalle ta ba da na faɗa. Amma a raina na ji daɗi ƙwarai, don na samu abin da na ba ta da hannuna ba tare da na ce ina tausayinta ba. Ɗan mai taushin ya ƙare bayan 'yan kwanaki, ban nemi wani ba. Ta safen ce kaɗai na riƙe, in ta ƙare in kai fankon kemis a ba ni irinta. Komawa ɗibar jini kuwa, na ce wanda ya warke me zai je yi asibiti.

Da leɓe abin ya fara. Wani zir-zir a kewayen baki da kan yatsu, irin wanda mutum ke ji in ya taɓa minjirya, kifin nan mai ja kamar lantarki, a cikin kwandon kifi. Na ce sanyi ne. Wata rana ina tsintar shinkafa a faranti sai hannun dama ya ƙi bin umarnina. Yatsun suka miƙe suka haɗe wuri ɗaya, babban yatsa ya shige tafi, wuyan hannun ya lanƙwashe ciki, kamar zan yanko lomar tuwo. Ga zafi. Na sa hagu in buɗe shi, ita ma ta fara. Na zauna ina kallonsu a cinyata har suka saki da kansu. Ban gaya wa kowa ba. Ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wuyana ba. Ina wuya, ina hannu?

Ranar da asiri ya tonu, a gidan maƙwabta ne, ina wankan wata jaririya 'yar kwana biyar. Na sa mata sabulu, na juya ta a kan hannun hagu zan wanke baya, sai na ji zir ɗin ya taso. Kafin in buɗe baki in ce a karɓe ta, hannun ya ƙage. Yarinya ta sulale cikin baho. Uwar na kusa, ta cafe ta nan take, ko ruwa ba ta sha ba, Allah ya tsare. Amma mata biyar ne a tsakar gidan, kuma duk sun ga hannuwana a sama, a murɗe, ni kuma bakina ya ƙi fitar da magana sosai. Wata ta fara salati. Wata ta ja ɗanta baya.

Kafin la'asar labari ya gama layi. Kafin kwana biyu an samo dalili. Wai an gan ni a bakin gulbi ina sayen kifi dab da magariba, ɗinki bai gama warkewa ba, mutanen ruwa kuwa ba sa barin ɗanyen rauni ya wuce su. Na je bakin gulbin, gaskiya ne, tarwaɗa na sayo. Yaya ta shigo ta tsaya a kaina.

"Wanga ba ciwon asibiti na ba," ta ce. "Ni nig ga irinai ga wata mata can Gulma. Tashi mu tahi wurin malam."

Ni da na yi shekaru ina koya wa yara su wanke hannu kafin cin abinci, na sa hijabi na bi ta. Tsoro ne ya kai ni, ba zan ce wani abu ba. Malamin mutumin kirki ne, ya yi mini karatu, aka kunna turare a kasko. Hayaƙi ya cika ɗaki, gabana yana faɗuwa, na fara haki. Ina cikin hakin hannuwan suka murɗe fiye da kullum, har ƙafafu. Na ji Yaya tana cewa, "Ga shi nan ya taho." Da muka tashi tafiya malamin ya ce a haɗa da asibiti. Yaya ta ce ai daga asibitin aka kwaso rabin abin, ni kuma ban da ƙarfin gardama.

Ban san ranar da Yaya ta kira surukar ɗiyata ba, uwar mijinta, wadda muke kira Hajiya. Ba don mugunta ta yi ba, na sani. Ta ji labarin jaririyar da ta sulale, ta hango jikan ƙanenta. Abin da na sani shi ne wata safiya waya ta yi ƙara, na ɗauka, ɗiyata ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, ta tambayi kaji.

"Hwaɗi abin da kika kira ki hwaɗi," na ce.

"Inna, Hajiya tac ce wai in zamna nan in yi wankan. Wai don ki samu ki huta, tunda ba ki jin daɗi."

Ta tsaya nan tana jira. Na san abin da take jira. Da na ce "ban yarda ba, gida za ki zo", da ta samu abin riƙewa ta kai wa mijinta. Amma uwa ba ta jayayya a kan ɗan fari, kuma a ƙasan raina ni ma ina ganin bahon nan.

"To ai dut ɗaya na," na ce. "Hajiya ma uwa ta. Allah shi sauke ki lahiya."

Na ajiye waya na shiga ɗakin da aka yi wa fenti na zauna a ƙasa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar maigidana. Kashegari na ce Yaya ta aiko a kwashe itacen, ta yi girki da shi, don ba na son in riƙa ganinsa in zan zagaya.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba wanda ya yi mini wulaƙanci. Ana gaishe ni, ana aiko mini da tuwon suna. Sai dai ba a ƙara aikowa in zo wanka ba, kuma in na shiga gida mai jariri sai in ga uwar ta tuna tana da aiki a ɗaki, ta shige da shi. An yi haihuwa uku a layin a wannan tsakanin. Da hantsi nakan ji kukan wanka ta saman katanga, in gane daga kukan cewa ruwan ya yi zafi, ko mai wankan tana tsoron riƙon. In ce a raina, tallabe ƙeyar mana, baiwar Allah. Sai in tashi in watsa wa kaji dawa, ko da sun riga sun ci. Na rage zuwa kasuwa don kada hannu ya kama ni a gaban masu kifi. Akwai ranar da na lura tun asuba har la'asar ban yi magana da kowa ba sai kaza.

Ta haihu, namiji. Na je suna tare da Yaya. Gida ya cika, Hajiya ta tarbe ni da mutunci, ta kawo mini yaron har inda nake zaune, ta buɗe fuskarsa ta ce, "Ga angonki." Tana riƙe da shi, ba ta miƙo ba, ni ma ban miƙa hannu ba. Hannuwana suna ƙarƙashin mayafi, na danne ɗaya da ɗaya. Na ce wannan ango ai ba shi da ko sisin cefane, mata suka yi dariya. Hancin kakansa ne sak. Ɗiyata tana bakin gado tana kallona, na kau da kai. Kafin la'asar na ce Yaya mu kama hanya.

Ciwon kai ne ya kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu, yaron yana da kwana ashirin da wani abu. Na ce a duba mini hawan jini. Ma'aikaciyar jinyar da na tarar ɗalibata ce, na koyar da ita a aji uku, lokacin ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Ta naɗa mini abin awo a damtse ta fara hura shi. Aka kira ta daga ƙofa, ta juya tana amsawa, abin yana matse da hannuna. Sai ga yatsun sun fara haɗuwa, babban ya shige ciki. Kunya ta kama ni.

"Kada ki ji tsoro," na ce mata. "Shina zuwa shi wuce. Wai iska na."

Ba ta ja da baya ba. Ta tsaya tana kallon hannun, ta saki iskar abin awon, hannun ya fara saki. Ta sa yatsa ta ɗan ƙwanƙwasa kumatuna a gaban kunne, na ji gefen bakina ya motsa da kansa.

"Malama, ɗaga min hijabinki in ga wuyanki."

Na ɗaga. Ta ga tabon.

"Yaushe anka yi miki aiki? Wane magani anka ba ki?"

Na fara lissafa mata. Da na zo kan farare masu kama da alli sai muryata ta yi ƙasa, kamar yadda tata takan yi in ba ta yi aikin gida ba. Ta rubuta takarda ta ce yau ɗin nan zan koma Birnin Kebbi, ba gobe ba. Ita da kanta ta tsayar mini da babur ɗin kabu-kabu zuwa tasha.

A can aka ɗebi jini, aka kwantar da ni, aka sa mini ruwa da magani a ciki. Kafin robar ta ƙare zir ɗin da ya yi watanni a leɓena ya ɗauke. Na yi ta buɗe hannu ina rufewa ina jiran ya dawo.

Likitan da ya yi mini aiki ya zo da safe ya ja kujera. Wannan karon na saurara da kunne biyu. Ya ce a bayan maƙoƙon da aka cire akwai wasu 'yan tsokoki guda huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu gadin kalsiyam a cikin jini. Ƙashi shi ne rumbun da jiki ke ajiye shi. In ya yi ƙasa a jini, su ne ke aika saƙo a ɗebo daga rumbu, su ce wa ƙoda ta daina zubar da shi a fitsari, su sa a gyara bitamin D yadda hanji zai iya tsotso wani daga abinci. Akwai kuma abokin tafiyarsa, fosfet, wanda su ne ke sa ƙoda ta rage shi in ya yi yawa. A wajen aiki irin nawa wani lokaci sukan ji rauni su yi shiru. Nawa sun yi shiru. Kalsiyam ya faɗi, fosfet ya hau, ba mai cewa komai. Jijiya kuwa in ta rasa kalsiyam sai ta riƙa zabura ba dalili, tana jan tsoka. Ya ce ko haki mutum ya yi da yawa abin ƙaruwa yake, shi ya sa tsoro ke tayar da shi. Na tuna ɗakin malam da kaskon turare. Farare da ɗan mai taushi su ne ke yin aikin waɗannan huɗun a madadinsu, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwata. Ya ce da abin ya kama maƙogwaro ko zuciya, da ba wannan zancen muke ba.

Sannan ya ce, "Mama, ina ƙwayoyin da munka ba ki?"

Na ce na ba ɗiyata, tana da ciki.

Ya daɗe yana kallona. Na zaci faɗa zai yi, na kuma shirya karɓa. Sai ya tambaya ko ta sauka lafiya. Na ce lafiya lau, namiji. Ya ce to madalla, ita ba su cuce ta ba, amma daga yau nawa nawa ne. Da ya fita na juya fuska bango. Ba aljani, ba mutanen ruwa. Ni ce da hannuna na zuba kwana arba'in ɗina a jakarta na ce ta tafi da su kada su lalace. Haushin kaina da na ji a ranar ya fi ciwon zafi.

Kwana huɗu na yi aka sallame ni. Mijin ɗiyata ya zo sau biyu da kwanon abinci, ita ba ta fita saboda jego. Na koma Argungu ina tauna allina sau uku a rana kamar mai bin doka. Na ƙirga kwanakin yaron, saura goma sha ɗaya a yi arba'in. Ban yarda da hannuwan nan haka kawai ba, sai da na gwada su. Na sayo kabewa mai nauyin jariri, na rufe ƙofar gida, na zuba ruwan ɗumi a baho, na shafa mata sabulu don ta yi santsi. Safe da yamma ina wanke kabewa, ina juya ta a hannun hagu, ina ɗaga ta sama. Da Yaya ta leƙo ta katanga a lokacin, da ba malamin da zai fitar da ni. Mako guda cur, ko sau ɗaya ba ta suɓuce ba.

Ranar kwana talatin da takwas na shiga motar safe. Na sauka na hau kabu-kabu zuwa Badariya, da takardar asibiti a jaka da ƙullin busasshen kifi. Na tarar an riga an yi wankan safe. Bayan gaisuwa na zauna na yi wa Hajiya bayani tiryan-tiryan, yadda na saba yi wa 'yan aji: ga tsokoki huɗu, ga ƙashi, ga ƙoda. Na buɗe hannuwana a gabanta na rufe, na nuna takarda. Ta saurara har ƙarshe, tana gyaɗa kai.

"Ikon Allah," ta ce. "Allah shi ƙara sauƙi, Malama."

Na gane ba ta ƙaryata ni ba, ba ta kuma gaskata ni ba. Na haɗiye girman kaina na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ina so in yi wa yaron wankan yamma, sau ɗaya.

Hajiya ta kalli tabarma. "Ni ba ni hana ki jikanki. Ga uwatai nan, ita ka cewa."

Ɗiyata tana tsaye a bakin ƙofa da yaron a kafaɗa. Ba ta yi jinkiri ba. "Inna ta yi mai," ta ce.

Wallahi ban san lokacin da na ce "Allah shi yi miki albarka" a gaban mutane ba. Ban taɓa yi ba.

Da rana muka samu kanmu mu biyu a ɗaki. Ta ce, "Inna, wai mi yak kawo ciwon ga tun farko?" Na kalle ta, ta rame, idonta duk rashin barci. In na gaya mata, za ta tuna jakarta, za ta tuna ta tauna su ɗaya bayan ɗaya tana jin daɗin ƙafarta ta saki. Na ce, "Aikin wuyan na. Haka shi kan yi ma wasu." Ta ce Allah sarki. Na tashi na ce bari in duba ruwa.

Bayan la'asar aka kawo baho tsakar gida. Ni na sirka ruwan, na gwada da gwiwar hannu. Na zauna a kujera 'yar tsugunno na naɗe hannun riga. Hajiya ta zauna can bakin ɗakinta da carbi. Ɗiyata ta tuɓe yaron ta miƙo mini, na karɓa. Ya fi kabewar nauyi, ga ɗumi. Ya ɓata fuska zai yi kuka, na tallabe ƙeyar, na ce haba ango, yau ka ga uwargida. Na zuba masa ruwa a ƙirji da tafin hannu, ya yi ajiyar zuciya ya saki jiki. Hannuwana suna aiki kamar ba abin da ya taɓa samunsu. Na wanke kai, na bi bayan kunne, na bi matsematsin wuya.

Da na juya shi zan wanke baya, yatsuna suka taɓa wani abu a cikin ruwan. Na duba. Hannuwan ɗiyata ne. Ta durƙusa a ɗaya gefen bahon, ta zura su duka biyu har gwiwa, tafukan a buɗe a ƙarƙashin yaron, ba ta taɓa shi ba. Fuskarta tana kallona tana murmushi, tana cewa Inna kin ga ya yi shiru, wurin Hajiya kullum sai ya yi kuka. Ban jin ta san ta sa su.

Ban ce ta cire ba. Na wanke bayan, na miƙe masa ƙafafu da hannuwa, duk inda na kai shi tafukan nan suna bin sa a ƙasa. Ɗagawa sama da nakan yi a ƙarshe, wadda na yi mako ina gwadawa, na bar ta. Na naɗe shi a tawul na miƙa mata, ta karɓa da jiƙaƙƙun hannuwa ta ce, "Sannu, Inna."

Na ce su shafa masa mai tun jikinsa da ɗumi. Na zubar da ruwan a magudana, na kife bahon, na tauna ƙwayata ta yamma, na ce zan tafi kada in rasa motar Argungu.